Muryar da Ta Riga Kubra Isa Makaranta

A unguwar Rikkos da ke cikin garin Jos akwai wata mata ana ce mata Kubra, matar Malam Labaran direban bas mai jigila tsakanin Jos da Bauchi. Sana'arta saƙar rigunan sanyi da huluna, kuma duk wanda ya taɓa kwana a Jos ya san mai wannan sana'a ba ta rasa ciniki. Mace ce mai kirki da son jama'a. In an yi haihuwa ita ce kan gaba, in an yi rasuwa ita ke tsugunne tana wanke-wanke a gidan makoki har a share. Aibinta ɗaya ne tak, labari ba ya wuni a bakinta. Da ta ji abu, kafin ta tambayi wa ya gani, a ina, yaushe, ta riga ta danna waya ta yi saƙon murya ta tura guruf ɗin matan unguwa a WhatsApp. Kuma ba ta tura shi yadda ta ji shi, sai ta ɗan ƙara masa gishiri, wai don mutane su ɗauke shi da muhimmanci.

Kada wani ya zaci mugunta ce. Wallahi tsoro ne. Shekararta ɗaya da aure aka yi wani rikici a gari, ƙanenta Salim ya fita kasuwa da safe bai san abin da ake ciki ba, tun daga ranar ba a sake ganinsa ba, ko gawarsa ba a samu ba. Kubra ta riƙe a ranta cewa da wani ya yi saurin gaya masa, da bai fita ba. Tun daga nan ta ɗauki shelar labari kamar wani aiki da aka ɗora mata.

Malam Labaran ya yi faɗan har ya gaji. Akwai ranar da tayar wata tirela ta fashe a Titin Bauchi, Kubra ta tura cewa ana harbi, mata suka fito ba mayafi suna kwaso yara daga Islamiyya. Da ya dawo ya zaunar da ita.

"Kubra, wannan wayar da na saya miki, don gaisuwa na saya, ba don ki riƙa tayar wa gari hankali ba. Ki riƙa tambaya mana kafin ki tura."

"Malam, gara a gudu a ga ba komai, da a zauna a ga komai," in ji ta. "Da Salim ya samu mai gaya masa fa?"

Da ta ambaci Salim sai ya bar maganar, don ya san ciwon. Haka ake rabuwa kullum.

Ɗansu na fari, kuma namiji ɗaya tilo a gidan, shi ne Sharafaddeen. Sunan mahaifin Malam Labaran aka sa masa, ga kuma kunyar ɗan fari, don haka Kubra ba ta taɓa kama sunansa ba, Abba take ce masa. A kansa duk tsoronta ya taru. In ya yi lattin minti goma tana bakin ƙofa. In ya ce zai je kallon ƙwallo sai ta ji wa da wa za su je. Addu'arta kullum ba ta wuce Allah ya sa yaron nan ya gama makaranta lafiya, ya fito da jikinsa cikakke. Shi kuwa burinsa ya shiga makarantar horar da hafsoshin soja, har gudu yake yi da asuba don shiri, uwar tana ta mita.

Yana ajin ƙarshe a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke bayan unguwar, tafiyar minti goma sha biyar a ƙafa, inda 'ya'yan Musulmi da na Kirista ke karatu tare. Shi ne firifet mai kula da shara da sassabe, wanda yara ke kira Leba. A hannunsa makullin ɗakin ajiyar kayan aiki yake, inda ake jibge adduna da fartanyu da tsintsiyoyi. Mataimakinsa kuma amininsa shi ne Chukwudalu, ana ce masa Dalu, Ibo ne amma haifaffen Jos, Hausa a bakinsa kamar ta Sharafaddeen. Mahaifiyarsa Ezinne tana da shagon kayan masarufi a bakin titi, kuma tun Dalu yana firamare Kubra ce ke saƙa masa rigar sanyi.

To a makarantar akwai wata muguwar al'ada da aka gada shekara da shekaru. Ranar da 'yan ajin ƙarshe suka gama jarrabawar fita, ƙananan ɗalibai kan taru a bakin get su rama duk horon da firifet-firifet suka yi musu. Wasu da bulala, wasu da ƙananan duwatsu, wasu da ruwan kwata ƙulle a leda. Wanda aka fi nema kuwa shi ne Leba, don babu yaron da bai taɓa sa shi sassabe a rana ba. Malamai kan yi gargaɗi kowace shekara, yara kan ce to, ranar ta zo su yi abinsu. Su ma firifet-firifet suna da tasu dabarar da suka gada. Sukan ɓoye kayan gida a jaka, da an karɓi takarda su canja, su ja hula har ido, su haura katangar baya su ɓace.

Ranar wata Alhamis cikin watan Yuni aka tashi da yayyafi da sanyi. Ita ce ranar takardar ƙarshe. Sharafaddeen yana cusa wando jins da wata baƙar riga a jaka, ya ɗaga kai ya ce, "Umma, hulunan nan masu ruwan toka da kika gama jiya, ki ba ni biyu mana. Ɗaya ta Dalu."

Ta miƙa masa, idonta a kan jakar. "Abba, kayan gida kuma na me a makaranta?"

Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya fasa, ya yi dariya. "Umma, in na gaya miki, kafin in isa get duk Rikkos ta ji."

"Ja'iri, ni kake wa sharri?" Ta jefe shi da ƙullin zare, ya kauce yana dariya. Ta bi shi har ƙofa da addu'a. A ranta ta ɗauka wani ɗan shagali za su yi na gama makaranta, ba ta sake tuna maganar ba.

Wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi tana kan keken saƙa wayarta ta yi ƙara. Hanatu ce, maƙwabciyarta, tana cikin Keke Napep tana dawowa daga kasuwa ta hanyar makarantar.

"Maman Abba, kina ina? Na wuce ta makarantar su Abba yanzu, na ga yara cike a get suna ihu, kamar ana jifa. Ta baya kuma na hango wasu samari biyu a kan katanga cikin kayan gida, sun ja hular sanyi har ido. Ban dai san me ke faruwa ba."

Iyakar abin da Hanatu ta faɗa ke nan, har da "ban san me ke faruwa ba". Amma wannan ƙarshen bai shiga kunnen Kubra ba. Nan take fuskar Salim ta dawo mata. Hular sanyi kuwa ba ta ce mata komai ba, don rabin samarin gari da ita suke yawo a irin wannan rana. Ba ta kira malamin ajin ɗanta ba, alhali lambarsa na cikin wayar. Ba ta kira mijinta ba. Ta danna guruf, ta kai waya baki, tana kuka tana magana.

"Salamu alaikum matan Rikkos! Don Allah duk mai ɗa a makarantar bayan unguwa ta tashi! An shigo daga waje! Samari ne cikin kayan gida, sun rufe fuska da hular sanyi, sun hauro katanga da adduna suna saran 'ya'yanmu! Sun fi su ashirin! Wallahi ba jita-jita ba ce, da ido aka gani! Jama'a ku taimaka, ɗana yana ciki!"

Ina ta samo adduna? Ina ta samo ashirin? Ita kanta daga baya ta rasa amsar. Tsoro ne ya ba ta, bakinta ya karɓa. Saƙon bai kai minti ɗaya ba tsawonsa.

Kan ka ce kwabo ya fita daga guruf ɗin mata. Wannan ta tura wa mijinta, mijin ya tura guruf ɗin direbobi, daga can ya faɗa na kanikawa da na masu Keke. Masu shaguna a Titin Bauchi suka fara jan ƙofofi. A garin da ya sha wuya irin Jos, ba a tsayawa tambayar su waye, kowa ya riga ya ba kansa amsa. Waɗanda suka fara isa makarantar ba iyayen yara ba ne. Wasu matasa ne daga gareji-garejin bakin titi, su kusan arba'in, da sanduna da ƙarafan mota, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya san fuskar wani ɗalibi a wurin.

Kubra ta zura hijabi ta fita da gudu. A hanya silifas ɗinta ɗaya ya tsinke a taɓo, ta bar shi nan. Tana gudu tana jin muryarta na fitowa daga wayoyin mutanen da take wucewa, har ta ji wani irin sanyi a ranta cewa yau dai ta yi abin da ba a yi wa Salim ba.

Abin da ba ta sani ba, sai daga baya aka ba ta labari, shi ne samarin nan biyu da Hanatu ta hango ɗanta ne da Dalu. Sun canja kaya sun hau katanga, sai suka tarar bana yaran sun yi wayo, sun ajiye wasu a baya ma suna jira da ledojin ruwan kwata. Suka diro ciki suna dariya, Sharafaddeen ya ce su shiga ɗakin kayan aiki tunda makulli na hannunsa, su sa sakata, in yaran sun gaji sun watse sai su fita. Abin duk bai wuce wannan ba. Da an bar su, iyaka a jiƙa wa wani riga, a yi masa bulala biyu, kowa ya tafi gida.

Ko da ta isa, an riga an karya get. Ƙananan yaran da ɗazu ke cika baki da bulala sun zubar sun tarwatse, wasu na kuka, wasu sun shige ƙarƙashin benci. Wata yarinya ta faɗi an tattake ta, ƙawayenta na jan ta. Kubra ta riƙa tare yara tana tambaya, "Kun ga Leba? Ina Leba?" Kowa ya girgiza kai ya wuce. Sai ta ji ihu daga can bayan azuzuwa.

"An kama biyu! An kama biyu a ɗakin makamansu! Ga addunan nan jibge!"

Zan faɗi abin da ta ce, don ita ma ba ta taɓa ɓoye shi ba. Ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdu lillahi! Allah ya tona asirinsu, a ba su kashi!" Sannan ta nufi wurin, tana tunanin ko a can za ta ga ɗanta cikin masu kallo.

Mutane sun yi da'ira, sanduna na tashi suna sauka. Wani dattijon malami, Malam Usumanu mataimakin shugaban makaranta, yana ta ƙoƙarin kutsawa, rigarsa a yage, yana ihu har muryarsa ta dushe: "Ɗalibaina ne! Ku bari, ɗalibaina ne!" Wani ya hankaɗe shi ya ce, "Ɗalibai ba yunifom? Ɗalibai da adduna? Baba matsa!"

Kubra tana ɗaga ƙafa don ta hango, sai ta taka wani abu mai laushi. Ta duba. Hula ce mai ruwan toka, ta jiƙe da taɓo. A bakinta akwai jan zare siriri guda ɗaya da aka zagaya. Duk garin Jos mutum ɗaya ke sa wannan jan zaren a bakin hula, don ta riƙa gane saƙarta.

Allah sarki. Ba ta san lokacin da ta ratsa ƙartin nan ba. Ta dai tsinci kanta a tsakiya, ga yara biyu a ƙasa, Dalu ya dunƙule ya rufe kansa da hannu, ɗayan kuma a kwance ba ya motsi, jini na fita ta kunnensa na hagu. Ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta, sanda ɗaya ta sauka a gadon bayanta, ba ta ma ji ba. Shekara goma sha takwas ba ta taɓa kama sunan yaron nan ba, ranar ta ƙwala shi da iya ƙarfinta.

"Sharafaddeen! Sharafaddeen! Ɗana ne! Wayyo Allah jama'a, ɗana ne kuke kashewa!"

Sanduna suka tsaya a sama. Wani matashi mai baƙin mai a hannu ya ce, "Hajiya, ɗanki kuma? Ai cewa aka yi..." Bai ƙarasa ba. Suka fara kallon juna, na baya suka fara zamewa. Nan ne aka ji jiniyar 'yan sanda. Kafin su shigo wurin ya watse, saura Kubra da Malam Usumanu da yara biyu a cikin taɓo.

A asibiti aka wuce da su ciki, aka bar iyaye a baranda. Malam Labaran ya iso bayan la'asar. A garin Toro labarin ya same shi, wani fasinja ya kunna saƙon a cikin motarsa, kuma tun kalmar farko ya gane mai maganar. Da ya shigo ya dubi matarsa, ƙafa ɗaya ba takalmi, hijabi duk jini. Ya kau da kai, ya wuce neman likita. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Ezinne na zaune kusa da ita a kan benci, idanunta sun kumbura. An gaya mata hannun Dalu na dama ya karye a wuri biyu, ga haƙora uku sun fita. Ta riƙo hannun Kubra ta ce da irin Hausarta, "Maman Sharafu, na gode. Malam Usumanu ya ce kai ne ka kwanta a kansu. In ba kai ba, da sun kashe yaranmu biyu." Sannan ta ciro waya. "Ka ji wannan. An turo mini. Wannan mata ne ya kawo duk wahala. Ni ban san shi ba, amma Allah ya san shi."

Ta kunna. Kuka ya sauya muryar, ta yi kaifi ta shaƙe, ba kowa zai gane ta ba. Da Kubra ta yi shiru, da watakila Ezinne ba za ta taɓa sani ba. Ta saurari kanta tana cewa adduna, tana cewa ashirin, tana rantsuwa da Allah cewa da ido aka gani. Ta zame daga kan benci ta durƙusa a gaban matar.

"Maman Dalu, ni ce."

"Kai ne me?"

"Muryata ce. Ni na yi saƙon. Ban ga komai ba, ban tambayi kowa ba. Ni na ƙara addunan."

Ezinne ta daɗe tana kallonta. Ta zare hannunta a hankali. "Shekara goma sha biyu kana saƙa wa yarona riga," in ji ta. "Yana kiranka Umma." Ta tashi ta koma can ƙarshen baranda ta zauna, ta juya baya. Kubra ba ta bi ta ba.

Sharafaddeen bai farfaɗo ba sai washegari da hantsi. Likita ya kira iyayen ya ce su gode Allah, ƙwaƙwalwa ba ta taɓu ba, zai tashi. Amma dukan ya lalata kunnen hagu, kuma ba ya tsammanin zai sake ji da shi. Malam Labaran ya tambaya a hankali, "Likita, maganar aikin soja fa?" Likitan ya sunkuyar da kai, ya ce a bar wannan tukuna. Duk suka gane.

Kubra ta shiga ta zauna a gefen gado. An naɗe kan yaron da bandeji, ido ɗaya a kumbure. Ta ce, "Abba, sannu." Bai juyo ba. Ta sake faɗa. Sai da ya ga inuwarta ya waiwayo, ya ce, "Umma, zagayo ta nan. Ba na ji ta can."

Ta zagaya tana share hawaye. Ta yi niyyar ta gaya masa da bakinta kafin wani ya riga ta, amma akwai tambayar da ta hana ta sakat, ita ta fara fitowa.

"Abba, Malam Usumanu ya ce ƙofar ɗakin nan ta ƙarfe ce, kuma kun sa sakata. Ya ce ba ɓalle ta aka yi ba. Me ya sa kuka buɗe? Da kun zauna minti goma kacal, da 'yan sanda sun iso."

Ya ɗaga ido ya kalli silin.

"Dalu ya ce kada in buɗe," ya ce. "Muna jin su suna dukan ƙofa, mun san ba yaran makaranta ba ne. Mun tsorata sosai, Umma. Sai na ji muryarki a bakin ƙofar. Ban ji duk abin da kike cewa ba saboda hayaniya, na dai ji kina kuka kina cewa ɗana yana ciki. Na ce wa Dalu, kwantar da hankalinka, Ummata ta zo. Sai na zare sakatar."

Ya juyo ya dube ta.

"Da na buɗe ban gan ki ba. Wani ne riƙe da waya."

Kubra ba ta yi ihu ba. Ta kifa kanta a bakin gadon, tana cewa, "Ka yafe mini, ka yafe mini," har muryar ta ƙare. Yaron ya ɗora hannu a kan hijabinta ya ce, "Na yafe, Umma. Na san tsoro kika ji." Wannan yafiyar ta fi sandar da ta sauka a bayanta ciwo.

A ranar ta sake yin wani saƙon murya. Ta faɗi sunanta da na mijinta da layinsu, ta ce ita ce ta yi na farko, kuma ƙarya ne, babu wanda ya shigo daga waje, babu adduna, yaran da aka daka ɗanta ne da abokinsa. Ta roƙi duk wanda ya tura na farko ya tura wannan. Ta je ofishin 'yan sanda da ƙafarta ta maimaita. Saƙon farkon an ce har Kano da Abuja ya kai cikin awa biyu. Na biyun da ƙyar ya fita daga Rikkos, don ba shi da daɗin turawa. Har yau akwai masu rantsuwa cewa an taɓa shiga wata makaranta a Jos da adduna.

An kama wasu cikin matasan. An rufe makarantar mako uku, kuma da aka buɗe, iyaye da malamai suka tsaya kai da fata aka kashe al'adar ramuwar nan, abin da ya kamata a yi tun shekaru. Hannun Dalu ya haɗe amma bai miƙe daidai ba. Kullum Kubra na kai abinci asibiti kwano biyu, Ezinne na mayar da nata ba a buɗe ba. Sai a mako na uku kwanon ya dawo a wanke. Ba su koma kamar da ba, suna dai gaisawa.

Sakamakon jarrabawa ya fito, Sharafaddeen ya ci da kyau. Ya daina gudun asuba. Yanzu yana karatun aikin gona, kuma ba ya tayar da maganar soja, ko a talabijin aka nuno fareti sai ya tashi ya fita. Kubra na nan tana saƙarta. Wayar na hannunta, amma in aka kira ta da labari, abin da take fara cewa shi ne, "Ke kika gani da idonki?" In kuma za ta yi wa ɗanta magana, sai ta tashi ta zagaya ta damansa. Sau biyar, sau goma a rana take wannan zagayen, kuma babu wanda take yi ba ta tuna ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kyakkyawar niyya ba ta mayar da ƙarya gaskiya, kuma tsoro ba hujja ba ne na faɗin abin da ba a gani ba. Kubra ba ta ƙi kowa ba, ceton ɗanta ta so yi, amma da ta ɗauki minti ɗaya ta kira malamin da lambarsa ke cikin wayarta, da yaron ya dawo gida da jiƙaƙƙiyar riga kawai. Duk labarin da ya zo maka, musamman mai tayar da hankali, ka tambayi wanda ya gani, ka faɗi iya abin da ka tabbatar, kada ka ƙara ko kalma ɗaya. Wanda aka turo wa kuma ya sani shi ma yana da alhaki in ya tura, haka wanda ya ɗauki sanda kan maganar da bai bincika ba. Iyaye da malamai su ma kada su raina ƙaramar al'adar duka a makaranta da sunan wasan yara. Magana in ta bar wayarka ba ka da iko da inda za ta je, kuma ba ka san ƙofar da za ta buɗe ba, ko wanda ke bayan ƙofar.